Aron Ɗakin Iya

Saura kwana goma sha biyu a yi bikin cikar kwaleji shekara talatin, Murtala ya shigo gida da hantsi ya tarar da matarsa Sadiya tana tsame shinkafa a kwando. Ya tsaya a kanta ya ce, "In kin gama ki kwashe kayan Iya. Za a ari ɗakinta."

Sadiya ta ɗago kai. "A ara kuma? Wa zai ara?"

"Baƙi. Awaisu aka ɗora wa nema musu masauki. Tsofaffin ɗalibai za su zo daga ko'ina, masaukan Funtua duk an kama. Kowane gida a garin nan ya ba da ɗaki. Mu da makarantar take zaune a kan gonar ubanmu, mu ne za a ce mun hana?"

"To ita Iya ina za ta?"

"Sito. A share mata gefe guda."

"Siton taki, Baban Rukayya?"

"Sati ɗaya na ce, Sadiya, ban ce shekara ba."

"Ka faɗa mata?"

Ya gyara hularsa ya nufi ƙofa. "Ke ki faɗa mata. Kun fi jin maganar juna."

Kwalejin reshe ce ta wata makarantar aikin gona, tana tsallaken titin da ya tashi daga Funtua ya nufi Malumfashi, daidai ƙauyen Kwarin Jibo. Tun da ɗalibai suka yi yawa, babu gidan da ba a yayyanka shi ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya ba. A gidan marigayi Malam Mati, mahaifin Murtala, zaure ya zama shagon caji da kwafin takardu, turakar marigayin ta zama ta ɗalibai, inda ake ɗaure shanu an yi ɗakuna huɗu. Abin da ya rage wa masu gida shi ne ɗakin Sadiya da 'ya'yanta, sai ɗakin Iya Sabuwa, mahaifiyar Murtala da ƙanensa Awaisu.

Sadiya ta same ta a bakin ƙofa tana tsince wake a faifai. Ta durƙusa, ta yi ta kewaye-kewaye, ta kawo zancen biki, ta kawo zancen baƙi, kafin ta faɗi abin da aka aiko ta. Tsohuwar ba ta daina tsintar wakenta ba.

"Shi mai gidan naku ne ya ce?" Ba ta faɗin sunan Murtala, ɗan fari ne.

"Shi ne, Iya. Wai sati ɗaya."

"To. Baƙo ai ba a barinsa a waje." Ta ture wata tsakuwa gefe. "Ki bi a hankali da adakar nan, murfinta ya saki."

Kafin azahar an kwashe. Adaka ta shiga, tabarma da katifa suka shiga, buta da kwanon sha da carbi suka shiga. Gadon ƙarfenta ne ƙofar siton ta ƙi ɗauka. Aka jingine shi a bangon tsakar gida, ruwa ya dake shi kwana biyu, a na uku Sadiya ta duba ba ta gan shi ba, ba ta kuma tambaya ba.

Siton ɗaki ne ƙuntatacce a bayan madafa, ba taga, rufin kwano ya yi tsatsa. Buhunan takin zamani sun kai rabin bango, jarkokin maganin feshi suna jere a kusurwa, ga ragowar masarar bara da aka zuba wa maganin ƙwari. Sadiya ta yi minti goma a ciki tana shimfiɗa, ta fito idanunta na ruwa. Ta gaya wa kanta cewa in aka bar ƙofa a buɗe warin zai fita.

Washegari masu aiki suka shiga ɗakin Iya. Aka fasa daɓe aka sa tayil, aka yi silin, aka ɗaura fanka, aka huda bango aka yi banɗaki a ciki. Daga inda take zaune a bakin sito Iya tana ganin ana fito da ƙasar ɗakinta a baro. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce wa magini, "Yaro, akwai ƙusa a bayan ƙofa, nan nake rataye mayafi. Kada ka cire." Ya ce to. Ya riga ya cire.

A kwana na huɗu tari ya fara.

Sadiya ta tare Murtala yana cin tuwo bayan magariba. "Iya fa tana tari. Warin maganin nan ya yi mata yawa. Ko jarkokin ne a fitar?"

"A kai su ina? A bar su a tsakar gida yara su sha? Damina ce, kowa na tari. Ni ma jiya na yi."

"To a kai ta asibiti a duba."

"Bari a gama bikin nan. Kin ga yadda nake, ko zama ba na yi."

Da Awaisu ya leƙo da safe ta sake gwadawa. Shi malami ne a kwalejin, yana zaune da iyalinsa a gidajen ma'aikata, kullum a goge yake, da takardu a hammata. Ya tsaya daga bakin sito bai shiga ba, ya gaishe da mahaifiyarsa da murya sama-sama kamar mai magana da kurma.

"Iya, ki yi haƙuri, don ke ake gyaran nan. In baƙi suka tafi, ɗakin da za ki koma ko matar shugaban makaranta ba ta da irinsa."

"Allah ya yi albarka," in ji Iya, ta kawar da kai ta yi tari a gefen zane.

Sadiya ta bi shi har zaure. "Malam, ba za ka tafi da ita wajenku ba kafin a gama? Ku ai kuna da ɗakin baƙi."

"Da gudu ma kuwa, ba don an riga an sa min mutum biyu a ciki ba. Kuma kin san Iya, ba ta iya zama a gidan ma'aikata, sai ta ce an kulle ta." Ya duba agogo. "Af, kwamiti ya amince, ke za ki dafa abincin manyan baƙi na kwana uku. Na sha faɗa kafin a ba ki."

Nan maganar Iya ta tsaya. Sadiya ta daɗe tana son aiki irin wannan. Shekara takwas tana sayar wa ɗalibai shinkafa da wake a faranti, ba ta taɓa dafa wa manya ba. Ta kira mata uku daga maƙwabta, aka kafa murhu huɗu a tsakar gida, kusa da madafa, wato kusa da sito. Hayaƙi ya riƙa tafiya inda iska ta kai shi. Iya ta fara turo ƙofarta da rana saboda hayaƙin, ta zauna a cikin wari da duhu.

Ranar da aka yi gwajin girki, sai da aka kira la'asar Sadiya ta tuna ba ta kai mata abincin rana ba. A gidan da aka yini ana soya kaji. Ta zuba da sauri ta kai, tana ba da haƙuri. Ta tarar an yi yayyafi ta ramukan kwano, katifar ta jiƙe daga ƙafa, Iya ta ja tabarma ta koma tsakanin buhunan taki biyu inda ba ya zuba.

"Iya, me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na ji kina da aiki." Ta karɓi kwanon ta ajiye. "Saura kwana nawa bikin?"

"Huɗu."

"To, ya kusa."

Ana gobe biki baƙuwar ta iso. Mace ce mai jiki, ta haura hamsin, da tabarau da ɗankwali ɗaure a baya, direba na biye da ita da jaka. Awaisu ne ya rako ta, yana ta "Madam Dorkas, nan ne, Madam Dorkas, a hankali da dakali." Babbar jami'a ce a harkar noma, tana cikin ɗaliban farko da kwalejin ta yaye, 'yar wani ƙauye a bayan Malumfashi.

Ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube. "Ni na ce a sauke ni a gidan nan, ba don wani abu ba sai don Iya. Lokacinmu babu ɗakin kwanan mata a makaranta. Babana ya kawo ni, muka yi ta yawo gida-gida ana cewa babu wuri. Ita ta ce in shigo. Shekara biyu muna kwana ɗaki ɗaya, ita ta yi sallarta ni in yi addu'ata." Ta leƙa ɗakin, ta ga tayil da fanka. "Kai, an gyara! Ina take?"

Awaisu bai ko yi jim ba. "Ta tafi Tsiga wajen 'yan'uwa. Kin san tsofaffi da hayaniya, ta ce sai an watse za ta dawo."

Madam Dorkas ta juya wajen Sadiya. "Ayya! Lafiyarta ƙalau dai?"

Sadiya ta ji idon Awaisu a kanta. Siton yana bayanta, taku goma sha biyar. Ta ce, "Lafiya lau, Madam. Ta tafi Tsiga."

Da baƙuwar ta shiga wanka, Murtala ya je da kansa ya tsaya a ƙofar sito. Karo na farko ke nan da ya je tun da aka mai da ita can. Ya yi maganar ƙasa-ƙasa, idonsa a kan buhuna.

"Iya, akwai baƙi a gida. Kwana biyu ne, ki ɗan zauna daga ciki. Mutane ba su san yadda abu yake ba, sai su ɗauke shi wani iri."

"Na ji muryarta," in ji Iya. "Dorkas ce."

Murtala ya ja da baya. Ya ja ƙofa ya sa sakata ta waje. Da ya ga Sadiya na kallonsa ya ce, "Saboda awaki."

Daga ranar aka koma kai mata fo don biyan buƙata a ciki. Sadiya ce ke shiga da shi ta fito da shi a ɓoye, lulluɓe da tsumma, in baƙuwa ta fita.

Ranar biki garin ya cika. An kafa rumfuna a filin kwaleji, 'yan acaɓa da masu keke napep sun yi layi har bakin kasuwa, masu rake da masu tsire sun ci kasuwarsu tun safe. Lasifikokin da aka ɗaura suna kawo komai har tsakar gidan Malam Mati. Sadiya tana zuba abinci a kuloli tana ji ana lissafa abin da kwalejin ta kawo wa Kwarin Jibo: wuta, rijiyar burtsatse, irin masara mai jure fari, yaran gari da suka zama ma'aikata. Ba ƙarya aka yi ba, ita ma shaida ce. Sai ta ji muryar Awaisu. Ya yi magana a kan mahaifinsu, wanda ya ba da gonarsa sukutum don 'ya'yan wasu su yi karatu, da mahaifiyarsu wadda ta buɗe ƙofarta ga ɗalibai tun babu wanda ya yarda da su. Ya ce a gidansu suka koyi cewa mutum ya fi ƙasa daraja. Aka yi tafi mai tsawo. Aka kira Murtala ya karɓi lambar yabo a madadin iyali.

Ana cikin tafin Sadiya ta ji tari daga sito, mai tsawo, irin wanda ba ya barin mutum ya ja numfashi. Ta ajiye ludayi za ta je, mai ɗaukar kuloli ya ce manyan baƙi sun zauna, ana jira. Ta ɗauki ludayin.

Wajen ƙarfe uku hadari ya taso, taro ya fara watsewa. Madam Dorkas ta dawo ita kaɗai, takalmanta a hannu, ta zauna a kujerar tsakar gida tana murza ƙafa. Matan da ke taya aiki sun tafi kai abinci. Gidan ya yi shiru, sai tarin ya sake tashi.

Ta ɗaga kai. "Wane ne a can?"

Sadiya ta juya ta dubi ƙofar siton. Baƙuwar ta dube ta, ta miƙe ba takalmi, ta je ta zare sakatar.

Warin ne ya fara fitowa. Madam Dorkas ta kusa shekara talatin tana aiki da waɗannan magunguna, ta san su da hanci. Ta tsaya har idonta ya saba da duhun, sannan ta ga tsohuwar a tsakanin buhuna, ta rame, idanu sun yi ja, tana ƙoƙarin gyara ɗankwali.

"Iya?"

"Dorkas. Kin yi ƙiba."

Matar ta durƙusa a kan simintin da kayan bikinta, ta kama hannuwanta biyu. Ta dubi fuskarta da kyau. Sannan ta ce, "A ɗakinki na kwana jiya. Fanka na kaɗa ni. Wa ya sa ki a nan?"

"Ni na ce a kawo ni," in ji Iya. "Ɗakin can ya yi mini girma, ga sanyin tayil. Nan ya fi ɗumi."

"Da sakata ta waje?"

"Awaki ne. Suna damuna." Ta yi tari, ta share baki. "Yarana suna ƙoƙari, Dorkas. Kada ki je ki faɗi wata magana a waje. Yau ranarsu ce."

Sadiya tana tsaye a bakin ƙofa. Da Iya ta zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Murtala da Awaisu suka shigo tare, suna dariya, lambar yabo a hannun babban. Suka ga ƙofar sito a buɗe. Madam Dorkas ba ta ɗaga murya ba. Ta ce maganin da ke cikin jarkokin nan, ko a makaranta ana koya wa ɗalibai kada su ci abinci kusa da shi, Awaisu ma da bakinsa yake koyarwa. Ta ce yanzu za ta kwashe kayanta, a mai da tsohuwa ɗakinta kafin magariba, gobe kuma a kai ta asibiti a Funtua a duba ƙirjinta.

"Wallahi Madam, abin da muka shirya ke nan," in ji Awaisu. "Matsi ne kawai na kwana biyu. Ba mu so ki ji wani iri ne shi ya sa muka ce Tsiga."

"Kin zo kin ga rana ɗaya," in ji Murtala, fuskarsa a ɗaure. "Mu ne muke tare da ita shekara da shekaru. Amma ba komai, za a yi."

Madam Dorkas ta kira direbanta ya fitar da jaka. Ta ce wa Iya ta zo su tafi tare, ta zauna wajenta ko na wata ɗaya ne. Iya ta girgiza kai. "In bi ki, a ce me? A ce na haifi maza biyu na rasa wurin kwana?" Madam Dorkas ta miƙa wa Murtala makullin ɗakin a hannunsa, ta ce za ta kira ta ji. Motarta na fita, ya sa makullin a aljihu.

"Yanzu zan share in mai da ita?" in ji Sadiya.

"Da warin fenti? Mai tari? So kike ki ƙarasa ta? Bari ya sha iska," in ji Murtala.

Aka cire sakata, aka fitar da jarkoki uku aka bar sauran. Aka sayo maganin tari a kemis. Madam Dorkas ta kira sau biyu, Awaisu ya ce mata an mai da Iya ɗakinta, tana ma barci ne shi ya sa ba zai ba ta waya ba.

Sati ya wuce, fenti ya sha iska. Sadiya ta tambaya. Murtala ya ce tayil ɗin nan yana da santsi, tsohuwa mai ciwon ƙafa in ta zame ta karye wa za a zarga? Sai an samo leda an shimfiɗa. Wani satin ya wuce ba a samo leda ba. Awaisu ya ce shi ya bar wa yaya magana, ba ya son ya zama ƙane mai shiga hurumin babba. A sati na uku aka buɗe sabon zangon karatu. Bikin ya sa sunan kwalejin ya yi nisa, ɗalibai suka zo fiye da kowace shekara, suna yawo da jakunkuna gida-gida. Wata safiya Sadiya ta fito ta ga 'yan mata uku suna shigar da katifu ɗakin Iya.

Ta sami Murtala a shago. "Baban Rukayya, ka ce sati ɗaya."

"Na ce. Yanzu ki gaya min, taki da me zan saya baɗi? Makarantar yaranki fa? Maganin ita Iyar fa? Duk gidan nan ɗakin nan ne mai banɗaki a ciki. Zango ɗaya ne, in suka tafi hutu sai ta koma. Ita ta yi miki ƙorafi?"

"Ba ta yi ba."

"To."

Ba ta yi ɗin ba. Sau ɗaya dai, da Sadiya ta kai mata koko, ta ji dariyar 'yan matan daga ɗakin, ta saurara, ta ce, "Baƙin ba su tafi ba?"

"Wasu ne suka zo, Iya."

"To. Allah ya ba su abin da suka zo nema."

Daga nan ta daina tambaya. Ta daina fitowa bakin ƙofa. Ta koma yin salla a zaune, daga baya a kishingiɗe. Kokon da take shanyewa ya koma rabi, ya koma cokali uku. Numfashinta ya riƙa yin ƙara kamar ana jan zare a cikin ƙirji. Aka kira mai kemis ya yi mata allura biyu. Zancen asibitin Funtua kullum sai an gama yankan masara, sai an samu mota, sai ranar da ba kasuwa. Autar Iya, Najiba, da ke aure a Dayi, tana jego bayan haihuwar da aka yi mata aiki, ba ta iya tafiya. In ta kira wayar Murtala sai ya ce Iya ta ɗan yi mura ne, tana gaishe ta.

Ranar wata Laraba Sadiya ta shiga da safe ta ga jini a tsumman da Iya ke tari a ciki. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta kira maƙwabciyarta Rabi, suka ɗauke ta, ba ta fi nauyin yarinya ba, suka kai ta ɗakin Sadiya. Za su ɗora ta a gado ta riƙe ƙofa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Ba zan hau gadonsa ba. Ku ajiye ni a ƙasa."

Aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Ta ja numfashi, ta dubi sararin tsakar gida ta daɗe. Murtala ya dawo ya gani, ya buɗe baki zai yi faɗa, ya ga fuskar matarsa ya fasa. Ya ce gobe in Allah ya kai mu za a nemi mota.

Da aka nemo motar ranar Juma'a, likita a Funtua ya saurari ƙirjinta, ya tambayi inda take kwana. Murtala ya ce a ɗaki. Likitan ya dubi Sadiya, ta sunkuyar da kai. Ya ce an makara ƙwarai, amma a kwantar da ita. Ranar Lahadi da hantsi ta cika.

Kafin a dawo da gawa gida, Awaisu ya riga ya roƙi 'yan matan nan uku su koma wajen ƙawayensu na kwana uku. Aka fitar da katifunsu da littattafansu, aka ciro hotunan da suka manna a bango, aka shimfiɗa darduma, aka shigo da adakar Iya aka ajiye a kusurwa, aka ɗora carbinta a kai. A nan mata suka zauna karɓar gaisuwa.

Suka yi ta zuwa, daga Tsiga, daga Dayi, daga Bakori, matan malaman kwaleji ma suka zo a mota guda. Kowacce ta shigo sai ta ɗaga kai ta dubi silin da fanka, ta leƙa banɗaki.

"Kai, Sabuwa ta ji daɗin 'ya'ya."

"Wallahi. Wasu suna nan uwarsu na kwana a ɗakin da ke zuba."

"Allah ya ba mu masu yi mana haka."

Sadiya tana raba ruwa tana cewa amin. Ta faɗe shi har ya daina yi mata nauyi a baki, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan.

A rana ta biyu da la'asar, da mutane suka ragu, Najiba ta kira ta gefe. Tana zaune da jaririnta a cinya, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Yaya Sadiya, tun jiya nake shinshina ɗakin nan. Babu ƙanshin Iya a ciki ko kaɗan. Ko man da take shafawa ban ji ba. A nan take kwana?"

Sadiya ta dubi ƙofa. Ana jin muryar maza a waje suna addu'a. Ta gaji, gajiyar da ba ta aiki ba.

"A'a," ta ce. "Tashi in nuna miki."

Suka zagaya bayan madafa. Sadiya ta tura ƙofar siton. An share shi tas. Babu taki, babu jarka, babu tabarma, har an watsa ruwa an goge simintin. Ba abin da za ta nuna sai bango huɗu. Ta tsaya a tsakiya ta nuna ƙasa da yatsa, ta faɗi komai, tun daga ranar da aka ce aro ne, har da abin da ita ta ce da bakinta game da Tsiga, har da ranar da ta manta da abincin rana. Najiba ba ta yi kuka ba. Ta gyara goyonta, ta fita ta sami yayyenta a zaure, ta tambaye su a gaban mutum biyu da suka rage.

Murtala ya ce, "Najiba, kwana ne ya ƙare. Ko a gidan gwamna take, ranar nan ba za ta wuce ta ba. Kada ki kawo mana fitina ana zaman makoki."

Awaisu ya ce shi dai Allah ya sani ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma irin wannan magana in ta fita, sunan Baba za ta ɓata.

Najiba ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta jira addu'ar uku ba, ta tari mota ta koma Dayi.

Ran kwana huɗu 'yan matan suka dawo da katifunsu, suka yi wa Sadiya gaisuwa da ladabi, suka mai da hotunansu bango. Su ba su san komai ba. Da azahar tana wanke tukwane ta ga Murtala ya shigo da magini, suka wuce ta suka shiga sito. Tana jin su. Maginin ya buga bango da guduma, ya ce ginin yana da ƙwari, in aka canja kwano aka yi fenti zai ɗauki ɗalibi ɗaya, ko biyu in sun matsa.

"Amma sai an fasa taga a nan," ya ce, "babba, mai raga. Ka san 'yan makarantar nan. Ba wanda zai yarda ya kwana a ɗakin da iska ba ta shiga."

"Fasa mana," in ji Murtala. "Ai ɗan mutum ne zai kwana a ciki."

Sadiya ta ci gaba da dirzar tukunyar da ta riga ta fita. Can ta ji guduma ta fara sauka a bango.